Sawun da Ya Tsaya a Shingen Idrisa

Hadiza ce ta fara ganin abin da ya rage na ragonta, kuma ihun da ta kurma ya tashi Kwarin Sabara kaf, har da waɗanda suka koma barci bayan asuba. Wata bakwai tana turke da ragon nan, tana ba shi dusa da harawa, tana hana cikinta don ya ci. Ran Talata da safe ta tarar da turke wayam, igiya a tsinke. Ta bi bayan gari tana kira, sai ga yagaggiyar fata a gindin wata aduwa, kayan ciki a watse, ƙudaje sun riga kowa zuwa.

Rago na uku ke nan cikin wata biyu. Ƙauyen, da ke arewacin Adar can gaban Takanamat, ya saba da ɓarnar dila a kan 'yan awaki, amma rabon da kura ta shigo har turke tun Maigari Hashimu yana yawo ba wando. Nan da nan aka aika a kira Attahiru.

Attahiru mai bin sawu ne, ya ba shekara sittin baya. Jandarmomin Tawa sun sha aiko masa mota idan an sace raƙuma. Ana cewa in ya dubi sawun jaki ya ce mai ciki ce a kansa, to a nemi ungozoma. Lokacin raguna biyu na farko yana Tebaram wajen wani aiki, don haka yau gari ya fito kallonsa, kuma Attahiru, Allah ya sani, yana son a kalle shi. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne gwiwoyinsa sun daina son durƙuso, idonsa kuma ya fara hazo. Sai ya tsaya a tsaye ƙiƙam, ya nuna ƙasa da bakin sanda.

"Kura ta," in ji shi.

Ya bi sawun, jama'a na biye da shi. Sawun ya ɓace a kan fako, ya sake fitowa a rairayi, ya gangara kwari, har ya zo shingen garkar Idrisa, wato lambunsa. Daga nan babu sawun kura ko guda. Bayan shingen sawun mutum ne kawai, ba takalmi, ƙafar hagu tana ja.

"Nan yat tsaya," in ji Attahiru.

"Ya tsaya, ko dai ya rikiɗa?" Tanko mahauci ne ya jefa maganar, mutumin da bakinsa ke riga tunaninsa fita. Nan take wuri ya rikice.

Idrisa maginin rijiya ne, baƙo daga arewa. Shekara ashirin da suka wuce mahaifin maigari ya ba shi aron wani fili a gindin kwari wanda kowa ya raina. Idrisa ya haƙa rijiya a ciki, ta ba da ruwan da ba ya ƙafewa ko da bazara, ita ce kuma ta rufta masa a ƙafa ta bar shi da ɗingishi. Ba ya yawan magana, idanunsa jajaye ne. Yau kowa ya tuna cewa kura ma tafiyarta kamar mai ɗingishi ce, kowa kuma ya tuna labarin da kakarsa ta ba shi na mutanen da ke zama kuraye. Samari suka fara neman sanduna.

Maigari Hashimu ya ga in bai yi magana ba jini zai zuba. Ya ce, "Idrisa, ni ban ce kai na ba. Amma Attahiru ya hwaɗi inda sau yat tsaya, kowa ya ji. Don rayuwarka, kahin Juma'a ka bar muna gari."

Idrisa bai dubi maigari ba. Idonsa na kan Attahiru.

*

Da rana ta take, Attahiru ya koma garkar shi kaɗai, zuciyarsa ba daɗi. Raƙiya, 'yar Idrisa, tana ɗaure tukwane cikin tsohon zane. Ta amsa sallamarsa a daƙile, ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

"Baba Attahiru, shekara ashirin kana shan shayi gidanga," ta ce. "Ka taɓa ganin wutsiya ga babana?"

Idrisa kuwa yana jan guga yana ban ruwa kamar ba abin da ya faru. Attahiru ya ce, "Kai da za ka tahi jibi, mi kake da ban ruwa?"

"Albasa ba ta san an kore ni ba."

"Idrisa, ni ban ce kai na ba."

"Ba ka ce ba. Da sanda kan nuna."

Maganar ta soke shi har ƙashi. Ya fita bai yi sallama ba.

Garkar da ke maƙwabtaka ta Muktari ce. Rijiyarta ta ƙafe tun bara, albasarsa ta yi ɗorawa-ɗorawa kamar mai zazzaɓi. Attahiru ya same shi zai tada sallar azahar, sai ya zauna a inuwa yana jira. Muktari ya ajiye salularsa a ƙasa, ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya ja layi a rairayi da makullin motonsa, wato babur ɗinsa, ya tsaya a kai.

Duk Kwarin Sabara an san wannan hali. Tun kakanni, mutanen garin Dutsin Shirwa suke fuskanta in za su yi salla, wani dutse mai ƙoƙuwa da ke gabas sosai, kuma a kansa aka daidaita masallaci. Da Muktari ya dawo daga ci-rani a Libiya shekara uku da suka wuce, sai ya ce salularsa ta nuna masa alƙibla tana hagu da dutsen. Aka yi gardama har aka gaji. Dattawa suka ce ba za su karkata masallacin iyayensu don ƙarfen aljihu ba, shi kuma ya ce ba zai bi sahun da ya kauce ba. Tun daga ranar yake sallarsa shi kaɗai, yara na kiransa Malam Hagu in ya ba da baya.

Da ya sallame ya kawo wa Attahiru ruwa da ladabi. Ya ce shi bai ji komai ba, bai ga komai ba, kuma zancen rikiɗa camfi ne, Allah ya tsare mu da ɗaukar alhaki.

"Amma tunda maigari ya yanke, Baba, ba mu da ta cewa," ya ce yana girgiza kai. "In ya tahi, ni za ni riƙa ba albasatai ruwa, kada ta lalace."

Attahiru ya sa masa albarka ya wuce.

*

Attahiru ya san akwai tsohuwar kura guda da ta rage a yankin, a wani kogo cikin duwatsun arewa. Ran Laraba yana idar da asuba ya ɗauki sanda da gora ya nufi can, don ya ga ko ita ce ta yi tattaki har gari.

Rana ta ɗan ɗago lokacin da ya kai bakin wani kwari. Sai ya ga motsi, ya lafe bayan geza. Barewa ce, cikin 'yan kaɗan da mafarauta suka bari, tana cisgar ganye, ɗanta na kwance a ciyawa, bai fi kwana uku a duniya ba. Ta ɗaga kai, kunnuwanta suka miƙe. Diloli biyu ne suka ɓullo daga ƙasan iska.

Sun san aikinsu. Namijin ya taho gaba-gaɗi yana rausaya, har da zama ya sosa kunne, don dai uwar ta bi shi. Macen ta yi ƙasa da ciki ta zagaya ta baya. Barewa ta yi kan namijin, ya zura a guje yana waiwaye, yana janye ta daga ɗanta. Macen ta daka tsalle ta cafke ɗan barewa a cinya, ya yi wani siririn kuka.

Uwar ta juya a kan ƙafafun baya kamar an murɗa ta. Ba ta yi tsalle irin na barewa ba, ƙasa ta yi da kai ta zo a miƙe. Ƙahonta ya sami dilar a haƙarƙari, ya ɗaga ta ya yar. Namijin ya dawo ya kama ta a agara, ta harbe shi a baki. Ƙura ta tashi, ba ka jin komai sai gurnani da karar kofato a tsakuwa. Sau uku suna dawowa, sau uku tana tsaye a kan ɗanta, ƙafafu a ware, jini na bin ƙafarta. A na huɗu macen ta kasa gudu sosai, sai suka haƙura suka bi kwari, namijin yana lasar baki. Barewa ta tura ɗanta da hanci, ya miƙe yana tangaɗi, suka haye tudu.

Attahiru ya sami kansa yana faɗin "Madalla da ke!" da ƙarfi, shi kaɗai a daji kamar taɓaɓɓe.

Ya gangara wurin. Wannan karon ba mai kallo, sai ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ƙasa ta kwarzane ko'ina. Ga inda kofato ya nutse, ga inda aka ja, ga gashi, ga kashin tsoro, ga jini feshi-feshi a kan ciyawa har taki goma. Ɗan barewa na kwana uku ke nan da diloli biyu. To ƙaton ragon Hadiza mai ƙaho kamar lauje, ina ƙasar da ya kwarzana? Jiya wurin sumul yake kamar tsakar gidan amarya.

A bakin kogon ya sami sawun tsohuwar kurar. Na gaba manya, na baya ƙanana kamar ba dabba ɗaya ba, kuma ba su nufi kudu ba ko sau ɗaya. Ya zauna a kan dutse ya riƙe kai. Shekara arba'in yana koya wa mutane wannan bambanci, jiya kuma girman kai ya hana shi sunkuyawa ya duba.

*

Ya dawo gindin aduwar, ya bi wurin da rarrafe, hancinsa kusan a ƙasa. Duk sawun da taron jiya bai tattake ba girmansu ɗaya, dukkansu ƙafar gaba ta dama, da tsaga guda a dunduniya. Tazararsu ta takun mutum ce, tsakaninsu kuma an share da reshe. Wani ne ya ɗaura busasshiyar ƙafar kura a sanda yana dangwala ta a ƙasa. Sawun ragon ya zo daga gari a natse, kuma a gefensa tururuwa na jan ɓurɓushin dusa. Da kwanon dusa aka jawo shi, ya biyo da ƙafarsa.

A ƙarƙashin itacen akwai wani wuri da ya fi ko'ina laushi. Ya tona da yatsa, sai ga ɗan rami cike da daskararren jini, irin wanda kowane magidanci ke haƙawa ranar layya kafin ya sa wuƙa.

"Kura mai gina ma jini rami," ya ce a ransa. "Yau na ga abu."

Ya so ya ruga wurin maigari, sai ya tsaya. In ya ce mutum ne bai kawo suna ba, za a ce ai dama Idrisa mutum ne. Suna ake bukata, kuma kwana biyu suka rage.

Ya tari motar kasuwa zuwa Tawa. A layin masu maganin gargajiya, tsakanin busassun kawunan ungulu da fatun damo, ya sami wani tsohon Bagobiri da suka san juna. Tsohon ya ce bana ƙafar kura biyu ya sayar. Ɗaya wani mahauci ne na wajen su Attahiru, mai surutu, Tanko. Ɗayar kuma wani ne ya zo a moto, ya naɗe fuska da rawani, ya sa baƙin tabarau.

"Ka hwaɗa mini rabin mazan Adar ke nan," in ji Attahiru.

Amma Tanko ya ishe shi. Mahauci ne, ya iya fiɗa, shi ne kuma ya fara zancen rikiɗa. Kafin magariba Attahiru yana tsaye a gaban teburinsa. Tanko ya yi rantsuwa ta fi goma, sannan cikin kunya ya zaro wata laya daga saman rumfa ya kwance. Ƙafar kura ce, wai don jawo masu saye, amma ta hagu ce, gara ta cinye rabinta.

"Kuma Baba, ka dubi hwatar nan da anka yayyaga," in ji Tanko, ransa a ɓace. "Ni? Ko ɓarawo nike, ba ni wulaƙanta hwata hakanan. Ka ce mini ɓarawo na yahe, amma kada ka ce ban iya hiɗa ba."

Attahiru ya koma gida hannu rabbana.

*

Ran Alhamis da safe ya ga Raƙiya tana ɗora wa jaki mangala, tana gwada yadda kaya za su zauna. Ya kau da kai ya koma gindin aduwar ya zauna, ya daina duban ƙasa ya fara nazarin mutumin da ya yi aikin.

Ɓarawon ya jawo rago kafin gari ya farka. Ya yanka, ya feɗe, ya sa nama a buhu, ya yayyaga fata, ya share sawu, ya dangwala na kura har kwari. Aikin nan ba ya ƙarewa kafin alfijir, don haka asuba a nan ta same shi. Mutumin da yana tsakiyar sata bai yarda ya ci mushe ba, har ya tsaya haƙa wa jini rami, zai bar asuba ta wuce shi? Ba zai bari ba. Kuma duk wayonsa, inda ya yi laifi zai share. Wa zai tuna ya share inda ya yi salla?

Attahiru ya miƙe kamar saurayi. Ya fara zagaya itacen, kowane zagaye yana faɗaɗawa. A na biyar ya faɗa wata busasshiyar ƙorama mai zurfin ƙugu, inda gaɓa ta tare iska, rairayin kuma yana da sauran laima. Ga shi nan kuwa kamar an zana: gwiwoyi biyu, tafin hannu biyu, gurbin goshi. Ya kwantar da sandarsa daga tsakanin gwiwoyin zuwa goshin, ya durƙusa a bayanta, ya ɗaga ido ya nemi Dutsin Shirwa. Sai dariya ta kama shi har da hawaye.

Ya nemo zana da 'yan rassa, ya rufe wurin a hankali yadda ba abin da zai taɓa ƙasa, sannan ya tafi gidan maigari.

*

Bayan azahar gari ya hallara a bakin ƙoramar. Maigari ya zo, Hadiza ta zo da idanu a kumbure, Tanko ya zo, Muktari ya zo a motonsa. Idrisa ya tsaya can gefe da Raƙiya, ba wanda ya matso kusa da su.

Attahiru ya fara da kansa. Ya ce, "Jama'a, shekaranjiya na yi muku aikin banza. Tsaye nid duba, don kada ku ga tsoho na nishi. Idona ya rage, ban hwaɗa ma kowa ba. Ba kura ta ba."

Ya kai su ya nuna musu sawun ɗaya bayan ɗaya, ya nuna dusa, ya tona ramin jini. Mata suka yi salati. Wani saurayi ya ce to ai Idrisa na iya yin wannan da hannunsa. Attahiru ya ce haka ne, Tanko ma na iya, shi kansa ma na iya. Daga nan ya shiga labarin barewa da diloli, ya ja shi, ya ƙara masa gishiri, ya koma baya ya gyara, har mutane suka fara ƙosawa. Shi kuwa inuwar sandarsa yake kallo. Da ta kai inda yake so ya ce, "La'asar ta yi. Mu ba Allah hakkinai, sannan in ƙarasa."

An zo da butoci bisa umarnin maigari. Aka yi alwala, aka ja sahu a bakin ƙorama, aka fuskanci Dutsin Shirwa. Attahiru ya saci kallon Muktari, ya ga idonsa na kan zanar nan, gumi na bin wuyansa. In ya shiga sahu yau bayan shekara uku, gari zai tambayi dalili. Daga ƙarshe Muktari ya koma gefe, ya ajiye salula a ƙasa, ya juya ta, ya ja layi da makulli.

Attahiru ya jira sai da kowa ya sallame ya shafa addu'a. Sannan ya ce, "Muktari, zamna nan inda kake, kada ka taka layinka. Ranka shi daɗe, a ɗaga zanar can."

Tanko da wani suka ɗaga. Jama'a suka leƙa.

"Wanda yay yanka ragon Hadiza, nan yay yi asuba," in ji Attahiru. "Taki sittin daga ramin jini. Allah shi karɓa mishi in ya ga dama, ba ruwana. Ku dubi inda goshi yad dosa, ku dubi Dutsin Shirwa."

Ba wanda ya bukaci ƙarin bayani. Sujadar ta bar dutsen a dama, ta karkata hagu. A gefenta ga layi siriri da aka ja da ƙarfe, ga kuma ɗan gurbi mai kusurwa huɗu. Kawuna suka juya daga ƙorama zuwa sabon layin da ke gaban Muktari, suka sake komawa. Layukan biyu hanya ɗaya suka dosa.

"Wani matahiyi na iya..." Muktari ya fara.

"Shina iya," in ji Attahiru. "Ara mini salularka."

Ya sauka ƙoramar da kansa, ya durƙusa a gaban kowa, gwiwoyi na ƙara, bai damu ba. Ya ɗora salular a gurbin nan, ta zauna daram kamar murfi a bakin tukunya.

Raƙiya ce ta fara rangaɗa guɗa, guɗa mai haɗe da kuka. Tanko bai jira umarni ba, ya ɗaga kujerar moton Muktari, ya zaro ƙunshin tsumma, ƙafar kura ta faɗo, ta dama, da tsaga a dunduniya. Hadiza ta cire takalmi ta yi kansa, sai da mata uku suka riƙe ta.

Muktari ya zube a gaban maigari. Ya ce rijiyar ce. Tun bara yana kallon albasarsa na mutuwa, ta gurgu baƙo tana sheƙi a bayan shinge. Filin aro ne, in Idrisa ya tashi shi ne maƙwabci, shi za a ba. Naman kuwa wani mai tsire a bakin hanyar Tawa yake kai wa.

Maigari ya dube shi. Ya ce, "Ƙila ma kai ad da gaskiya ga zancen alƙibla, Muktari, sai mu tambayi malammai. Amma shekara ukku ba ka yarda ka kauce da taƙi guda ba, ga ka nan ka so kashe bawan Allah da ƙarya." Ya sa aka tsare shi daga hannun samarin da shekaranjiya ke neman sanda don Idrisa, ya kira jandarma. Sannan ya miƙe, ya taka har inda Idrisa yake tsaye, ya kama hannunsa da hannu biyu a gaban kowa, ya ce filin nan daga yau ba aro ba ne, kyauta ce, liman da dattawa shaida.

*

Ran Juma'a, ranar da aka sa masa ya bar gari, Idrisa ya shiga masallaci da ɗingishinsa, mutane suka yi ta matsawa suna ba shi wuri har ya tsinci kansa a sahun farko. Da yamma Attahiru ya je garka. Tukwane sun koma mazauninsu, kuma tun kafin ya gama sallama Raƙiya ta shimfiɗa tabarma. Idrisa ya dafa shayi ya miƙa masa kofin farko.

"Ka yahe mini," in ji Attahiru.

"Na yahe tun jiya. Amma ba ni ɗai kay yi ma ƙazahi ba. Akwai tsohuwa can cikin duwatsu, ita ko rago ba ta sansana ba."

Attahiru ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Amma da jakin wani ya mutu a makon, aka rasa wanda zai ja shi bayan gari, shi ya nemi amalanke ya ɗora, ya yi tafiyar sa'a biyu zuwa arewa. Ya sauke mushen a bakin kogon, ya cire hula, ya durƙusa ya dubi sawun nan, na gaba manya, na baya ƙanana.

"Inna, ki yi haƙuri," ya ce da ƙarfi. "Tsaye nid duba."